Murjani Uku a Wuyan Bagudu

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa ya ba ƙafa izinin yawo, ya halicci harshe ya kewaye shi da haƙora ko ya san iyakarsa. Nawa dai bai taɓa sani ba. Ni ne Bagudu ɗan Anaruwa, wanda uwarsa ta ce tun bai yi haƙori ba yake katse wa manya magana. Wasu sun bar gida neman zinariya, wasu neman malami. Ni wasa na fita nema. Duk ƙasar da na ji ana wani wasan da ban iya ba, sai zama ya gagare ni har in je in durƙusa a gaban masu shi.

A haka na shekara goma sha ɗaya a hanya. Na yi dara da mutanen Tsibirin Ƙwarya, masu haƙa gurabensu a bayan kunkuru mai rai, in ka daɗe kana tunani ya tafi da wasan cikin ruwa. Na hau Dutsen Amsa-kuwa, inda kogo ke faɗin maganar mutum kafin ta fito daga bakinsa. Sarkin wurin ya ce ba zan sauka ba sai na faɗi abin da kogon bai riga ni ba. Na kwana uku ina shan kaye, ran na huɗu na shaƙi barkono na yi atishawa, suka sallame ni har da guzuri.

A gindin dutsen nan wani falke ya ba ni labarin Marmaro. Ya ce birni ne da Dalmawa suka ci shekara arba'in da suka wuce, kuma a cikinsa akwai wata kwatarniya wadda in mutum ya sa fuskarsa a ruwanta zai tsinci kansa a ranar da birnin ya faɗi, da ikon sake yadda ta kasance. Na tambaye shi ko wani ya taɓa cin wasan. Ya ce ko mutum ɗaya. Da ya faɗi haka ai ya gama da ni, tun bai ɗaure kayansa ba na kama hanya.

Wata biyu na yi kafin in hango birnin, kuma ba ganuwa na fara gani ba. Jirage na gani guda huɗu a sararin sama, kowanne ya kai girman unguwa, an ɗaure su da sarƙoƙi a kusurwoyin gari. Geron da ke ƙarƙashin inuwarsu duk ya yi rawaya. A cikinsu Dalmawa suka zo daga bayan teku, kuma sunan nan mutanen gari ne suka laƙa musu saboda sulkensu mai launin dalma.

Da tsakar rana na isa ƙofa, ba kowa sai masu gadi da wata tsohuwa mai jaki. Suka sa kaina cikin wani akwatin ƙarfe, na ji sanyi a wuya, da suka zare akwatin sai ga ƙawanyar tagulla ta kewaye mini maƙogwaro, da jan murjani uku a jikinta. Tafintansu ya karanta mini doka. Akwai kalma ɗaya da aka hana a Marmaro. Duk sanda mutum ya faɗe ta, murjani ɗaya zai baƙe. In na ukun ya baƙe, ƙawanya za ta tsuke ta ɗauke masa murya har abada, ko da daga baya an cire ta. Baƙo sau ɗaya yake shiga birnin a rayuwarsa, in zai fita a cire masa a cikin akwatin nan.

Na ce to, wace kalma ce? Tafinta ya buga ƙirjinsa da yatsa biyu. Na sake tambaya, ya sake bugawa. Raina ya ɓaci, ga yunwa ga rana, na ce, "Daa na san haka ne..."

Ban kai ƙarshe ba na ji tafin hannu cike da yumɓu a bakina. Tsohuwar nan ce mai jaki. Ta riƙe ni gam har na haɗiye sauran maganar tare da ɗan abin da ya samu na yumɓun, sannan ta nuna mini wuyana a ruwan kwano. Murjani ɗaya ya koma kamar gawayi.

Sunanta Gwamma, maginiyar tukwane ce, kuma Allah da ikonsa a gidanta kwatarniyar take. A hanya ta warware mini zancen ba tare da ta taɓa kalmar ba. Ashe bayan Dalmawa sun ci birnin, sun lura ba takobi ke tayar musu da mutane ba. Tsofaffi ne ke zama a gindin bango, wannan ya ce da an yi kaza da ba a ci mu ba, wancan ya ce da an bi ta wuri kaza da yanzu muna da 'yancinmu, kafin la'asar samari sun cika aljihu da duwatsu. Sai suka hana wannan "da" ɗin. Ku masu karatu kun san uku ne a bakinmu, ko da yake a takarda kamarsu ɗaya. Akwai gajere na "ni da kai". Akwai na zamanin da ya wuce, wanda murya ke hawa ta gangaro. Sannan akwai na abin da bai faru ba, mai tsawo, wanda murya ke kwanciya ƙasa. Wannan na ukun ƙawanya ke saurare.

Don haka a Marmaro in magana ta kawo mutum gurbin kalmar, sai ya buga ƙirji ya wuce. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne matasa. Su ma suna bugawa, amma ba su san abin da ke cikin bugun ba, don ba su taɓa jin kalmar ba. Tasalla 'yar Gwamma, mace mai shekara talatin da 'ya'ya biyu, murjaninta uku jajaye kamar ranar da aka sa mata. Na tambaye ta me take nufi in ta buga. Ta ce ladabi ne, kamar yadda ake cewa gafara.

Kwatarniyar tana wani ɗaki bayan wurin gasa tukwane. Uwar Gwamma ce ta gina ta da ƙasar dokin ƙofar birni a shekarar da aka ci su. Akwai 'yar huda a gindinta, ruwa na ɗiga, wasa kuma yana ƙarewa in ruwan ya ƙare. Mutum shi kaɗai yake shiga ɗakin, kuma ruwan ba ya buɗewa sai an faɗi kalmar nan a kansa. Kun ga ke nan kowane wasa murjani ne. Waɗanda suka yi kasadar na uku sun shiga bebaye, wasan kuwa ba ya tafiya sai da magana, suka fito ba murya ba nasara. Na ce da Gwamma yaya aka yi Dalmawa suka bar irin wannan abu. Ta ce sun zo sun duba, babbansu ya yi dariya ya ce a bar shi, aikinsu yake yi musu. Kowa ya shiga sau biyu, ya faɗi sau biyu, ya koma gida ya tabbata ba wata hanya.

Saura wasa ɗaya gare ni, don haka ban yi gaggawa ba. Na kwana tara ina bin tsofaffi rumfa rumfa ina tambayar abin da kowa ya yi a ciki. Ba su saba a tambaye su ba, kowa yana ɓoye kayensa kamar miki. Amma ni in na nace, ko bango sai ya tanka. Na gano cewa duk wanda ya shiga yana zama mutum ɗaya ne, Mantau sarkin ƙofa, wanda ya buɗe wa Dalmawa birni da hannunsa. Shi ne uban Gwamma, kuma har yau in an ambaci sunansa ana tofar da yawu. Wasu sun jefa mabuɗin a rijiya, jirage suka yi ruwan wuta. Wasu sun tara maharba, aka yi ruwan wuta. Wani tsoho mai wayo ya fitar da mata da yara ta magudanar ruwa, aka tare su a bakin rafi. Na lissafa hanya talatin da bakwai, duk wuta ce ƙarshensu. A cikin talatin da bakwai ɗin nan ba wanda ya buɗe ƙofar. To wa zai ba da murjaninsa don ya sake aikata abin kunyar da ya zo gogewa?

Ni kuwa ba kakana ba ne, ba kunyata ba ce. So nake kawai in ga abin da ke bayan ƙofar.

Da hantsi na shiga ɗakin, na faɗi kalmar, na sa fuskata a ruwa. Sai ga ni tsaye a soron ƙofa, gwiwata ta hagu na ciwo irin na tsufa, mabuɗi mai nauyi a hannuna. Ƙanshin ƙosai na tasowa daga wani gida, don mai tuya ba ta san ranar ce ba. Wata budurwa ta kawo mini fura ta ce, "Baba, ka sha kafin su iso." Na gane goshin, Gwamma ce. Na sha furar, na sauka, na buɗe ƙofar.

Ba a yi wuta ba. An tofa mini yawu, wani ya jefe ni da takalmi, budurwar nan ta kau da kai, abin ya soke ni ko da yake ba 'yata ba ce. Amma wasan bai tsaya ba, ya ci gaba zuwa inda ba wanda ya taɓa kaiwa. Kwanaki suka riƙa wucewa da sauri kamar ana buɗe shafi. Na ga an sa wa mutane ƙawanya ta farko, wadda ba ta bambance komai, don kunnen Dalmawa ba ya jin hawa da saukar muryarmu. Uwa ta ce a kawo tuwo da miya da ruwa da cokali, shi ke nan ta bebance. Cikin mako guda unguwa biyu suka yi tsit. Sai na ji ƙafafun Mantau sun kai ni gindin sarƙa, bakinsa yana roƙon a hau da shi, zai koya musu bambancin.

Aka ja ni sama cikin kwando. Nan fa halina ya ci ni. Na tsaya kallon igiyoyi, na tambayi wani matuƙi me ke riƙe jirgin a iska, na leƙa ɗakin da suke ajiye hayaƙi a cikin salka. Sai da aka ja hannuna zuwa maƙera. Maƙerinsu wani dattijo ne mai son hira, ya sa ni in ta faɗin kalmomin uku yana goga tagulla da magagari, har ƙawanya ta koyi jin guda ɗaya kawai. Da muka gama ya ce tunda ni zan riƙa gwada masa su, bari ya nuna mini yadda ake buɗewa ba tare da akwati ba, don akwatin na tsoratarwa ne kawai. Ya ɗauki ƙawanya ɗaya, ya ɗora babban yatsansa a bayan murjanin tsakiya.

Sai na ji hancina ya taɓa busasshen gindin kwatarniya. Ruwa ya ƙare.

Ban taɓa jin haushin kaina irin na ranar ba. Na fito da baƙi biyu a wuya, na zayyana wa Gwamma da Tasalla komai. Gwamma ta saurara, hannunta cikin yumɓu. Ita ma sau biyu ta shiga, sau biyu ta ƙi buɗewa. Ubanta ya mutu ba ta gaishe shi, kuma bai taɓa faɗa wa kowa cewa saboda shi ne aka bar wa mutanen Marmaro sauran maganarsu ba. Ta yi kuka mai yawa, na tsofaffi, wanda ba shi da sauti.

Tasalla ce ta fara ganin inda zancen ya dosa. Wanda ya san hanya, bai tsaya kallon igiya ba, zai kai maƙera da sauran ruwa. Amma duk mai kalmar a birnin saura murjani ɗaya gare shi, masu murjani uku kuma ba su da kalmar. Ta ce a kwatanta mata. Muka ce ta ja ta, ta kwantar da murya. Ta gwada har ta gaji, kullum sai ta faɗa kan ta "ni da kai" ko ta zamanin da ya wuce, murjaninta ko gezau. Abin da kunne bai taɓa ji ba, harshe ba ya kama shi da kwatance. Dole wani ya faɗa ta ji.

Ta dubi uwarta. Gwamma ta ce a'a, kuma ba don tsoron rasa murya ba.

"Shekara talatin ina kallonki kina barci lafiya," in ji ta. "Mijinki ya faɗo daga sarƙar jirgi, kika yi kuka kwana bakwai kika tashi. Ni kuwa har yau ina hana shi fita a safiyar nan, kullum, a cikin kaina. Kalmar nan ce ke yi mini haka. Ba zan zuba miki ita a kunne ba."

Tasalla ta ce, "Inna, ban ma san ana iya hana shi fita ba."

Daga nan ta juyo ta tsura mini ido. Na gane, na kuma tsorata ƙwarai. Muryata ita ce jarina. Da ita na ci abinci a ƙasashe goma sha tara, da ita na fita daga kowane rami da ita ɗin ta jefa ni. Washegari na ɗaure kayana, na yi musu sallama ina kallon ƙasa, na tafi ƙofa na shiga layin masu fita. Saura mutum biyu a gabana, ina ganin akwatin.

Ina so in ce muku tausayi ne ya fitar da ni daga layin. Akwai tausayin, ban musa ba. Amma gaskiyar ita ce yatsan maƙerin nan ya tsaya mini a rai. Ban taɓa barin wasa a tsakiya ba, kuma na san in na fita zan tsufa ina tambayar kaina ko dama ya murɗa ko hagu. Ni ba zan ƙara gani ba, wannan ya wuce. Amma wani zai iya gani. Na ce da mai gadi na manta takalmina, ya dubi ƙafata ya ga takalmi, na ce na wani ne.

Ranar kasuwa da safe Tasalla ta tara matasa wajen sittin a ramin da ake haƙar yumɓu, maza da mata, kowa da kwando kamar aiki ya kawo shi. Na tsaya a kan tudu na ba su hanya daki-daki. A sha furar, don in ba a sha ba budurwar tana tsayar da mutum. A buɗe ƙofa, a daure wa yawu. Kada a kalli igiya, kada a kula matuƙi, salkar hayaƙi ba ta da wani abin gani. Na gaya musu murjani ɗaya zai tafi wajen koyo, ɗaya wajen wasa, don haka kowa shiga ɗaya gare shi. Na yi ƙoƙarin gaya musu ma'anar kalmar, cewa ita ce ake buɗe abin da bai faru ba a leƙa cikinsa. Suka dube ni da ladabi kamar ina yaren tsuntsaye.

Da na gama sai na ƙi gamawa. Na ba su labarin kunkuru, na ba su na atishawa, na rera wata waƙar daka ta uwata wadda ban san ina tuna ta ba. Rana ta take tsaka ina ta zuba, su kuma suka ƙyale ni, don sun san abin da nake yi. A nan na hango Gwamma a bakin ramin, ta harɗe hannu, fuskar nan a murtuke.

Na ce su matso, su yi shiru, sau ɗaya ne. Na ja numfashi, na kwantar da murya, na ja ta iyakar yadda zan iya.

"Daa."

Ba zafi. Sanyi ne ya kewaye wuyana, kamar an ɗora mini jiƙaƙƙen tsumma. Na buɗe baki in ce to ku gwada, iska kawai ta fito.

Suka fara gwadawa, ramin ya cika da da, da, da. Na bi su ɗaya ɗaya ina duba wuya, duk ja. Wasu sun gajarta, wasu sun ɗaga murya sun gangaro. Na shimfiɗa hannu ƙasa ina ja a hankali, na buga ƙafa, na kama kafaɗar wani saurayi na girgiza shi. Tasalla ta rufe ido ta gwada sau biyar. A na biyar ta kusa, amma ta ɗaga ƙarshen kamar mai tambaya. Sautin da na ba su yana dushewa a kunnuwansu ina kallo, kowane gwaji yana ƙara nisa da shi. Na zauna a kan yumɓu na san na ba da muryata a banza.

Sai Gwamma ta gangaro cikin ramin, tana dafa bango saboda gwiwa. Mutane suka buɗe mata hanya. Ta tsaya gaban 'yarta, ta kama fuskarta da hannu biyu.

"Ba tambaya ba ce, Tasalla," ta ce. "Kin riga kin san amsar, shi ya sa take kwanciya. Ki tuna safiyar da ya fita. Saurara."

Ta faɗe ta. Ni na ja tawa ne kamar mai koyarwa, ita kuwa ta sauke tata kamar mai sauke tulu bayan doguwar tafiya. Na ga murjaninta na ƙarshe ya baƙe.

Tasalla ba ta yi sauri ba. Ta dubi uwarta, sannan ta faɗa a hankali, ƙasa ƙasa. Wata yarinya da ke kusa da ita ta nuna wuyanta. Murjanin dama ya koma baƙi.

Ta taɓa shi da yatsa, hawaye na zubo mata, ta ce, "Inna, ashe haka take da ciwo?"

Gwamma ta gyaɗa kai. Daga bayanmu wani ya faɗa daidai, sai wata, sai wani. Tsohuwar ta dube ni, na dube ta, ba mai abin cewa a cikinmu. Tasalla ta share fuska da gefen zane, ta ɗauki tulu biyu, ta miƙa mini ɗaya, muka nufi rijiya don a cika kwatarniya.

Nan tawadata ta tsaya, nan hikayata ta sauka. Abin da Tasalla ta gani a cikin ruwan nata ne, ku tambaye ta, ita ke da bakin faɗa.